Cin Zali Tsakanin Yara a Makarantun Kaduna: Wa Ya Kamata a Horar, Kuma a Kan Me?

Duk lokacin da bidiyo ya ɓulla a Facebook ko WhatsApp na ɗalibai sun taru a kan ɗan'uwansu suna mari, ko aka ji an kwaso yaro daga makarantar kwana rai a hannun Allah, tambayar da iyaye ke fara yi ita ce: ina malamai suke? Tambayar a kan hanya take. Sai dai akwai wata a bayanta da ba a cika yi ba. Da a ce malaman suna wurin sun gani da idonsu, ko yaron ya zo ya faɗa musu da bakinsa, sun san abin da za su yi? Wa ya taɓa koya musu?

A watan Afrilun 2024 bidiyon wata ɗaliba ana sharara mata mari a wata makarantar kuɗi da ke Gwarimpa a Abuja ya sa ministar harkokin mata ta lokacin ta rufe makarantar na kwana uku. Ba a jima ba, a nan Kaduna, jaridu suka ruwaito rasuwar wani ɗalibin makarantar kwana, ana zargin horon da manyan ɗalibai suka yi masa ne sanadi.

Mu a Kaduna, in an ce tsaron makaranta, hankalinmu kan tafi kan katanga da ƙofa da 'yan bindiga. Wanda ya ga abin da ya faru a Afaka da makarantar Bethel Baptist a 2021, da Kuriga a 2024, dole ya riƙa kallon daji. Amma akwai yaran da abin tsoronsu yana cikin katangar, a gadon da ke kusa da nasu yake kwana.

Ina faɗan yara ya tsaya, ina cin zali ya fara?

Yara suna faɗa, wannan ba baƙon abu ba ne. Biyu su yi rigima a kan ƙwallo, su kwashi juna, a raba su, gobe ka gan su suna cin gyaɗa tare. Faɗan sa'annin juna ke nan, kowa na iya ramawa, kuma yana wucewa.

Cin zali dabam yake. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, wanda tun shekarun 1970 yake nazarin lamarin, ya ware shi da alamu uku. Da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ƙarfi bai zo ɗaya ba, wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Ta ukun nan ce ta fi kuɓuce wa manya, domin in an ce ƙarfi, girman jiki suke dubawa. Alhali ƙarfi na iya zama aji, ko muƙamin firifet, ko yawan abokai, ko kuɗin uba, ko wani hoto da yaro ya riƙe na ɗan'uwansa a waya.

Akwai na duka da ƙwace: karɓe kuɗin tara, cinye garin kwaki da sukarin da uwa ta ɗaure wa ɗanta, sa ƙaramin yaro ɗebo ruwa tun asuba har ya makara aji. Akwai na baki, wanda kan faɗa kan yaran da Allah ya jarraba da wani abu, mai i'ina, mai farfaɗiya, zabiya, mai sikila, mai fitsarin kwance. A gari irin Kaduna, inda rikicin 2000 da na 2002 suka raba unguwanni gida biyu, yare da addini ma kan zama abin gori. Yaro ya ɗauko kalmar da ya ji a bakin manya a gida, ya zo ya jefi abokin zamansa da ita. A tsakanin 'yan mata kuwa an fi yi da wariya: a haɗa baki a daina yi wa yarinya magana, in ta zauna a tashi, a ƙaga mata ƙarya a yaɗa. Wannan ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa malami zai shekara yana shiga ajin bai lura ba.

Sannan akwai wanda baki ke nauyin faɗa, wato lalata tsakanin yara: taɓa jiki, leƙe a banɗaki, tilasta kallon batsa, barazana da hoton tsiraici, har zuwa fyaɗe, ga mata da maza. Ƙananan yara sa'annin juna kan yi wasan da ke nuna son sanin jiki, a tsawatar su bari. Wannan gyara yake so da sa ido. Amma in akwai tazarar shekaru, ko tilas, ko toshe baki da biskit da kuɗi, ko ɗayansu ya shiga firgici, to an wuce wasa. Kuma ƙaramin yaron da ya san abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, a wani wuri ya gano shi, tilas a bi sawu.

Yaya girman abin yake?

Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya cikin wata guda, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kai kashi 48 cikin 100. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya gano yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma an yi musu na lalata, kuma waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Binciken ya haɗa har da abin da manya suka yi. Amma adadi na ƙarshen nan shi ya shafi maganarmu: yawancin yaran ba wanda ya ji, ko an ji ba a yi komai ba.

Abin da ke haifar da shi

Da sauƙi a ce tarbiyya ce ta lalace, a ɗora wa iyaye da waya. Akwai gaskiya a ciki, amma babban tushen yana cikin yadda muka tsara makarantun da kanmu.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Wanda ya leƙa makarantun gwamnati a Rigasa ko Tudun Wada ya san ajin da ya ninka haka ba abin mamaki ba ne. Malamin da yara suka yi wa yawa sai ya naɗa monita, ya ba shi bulala da takardar rubuta sunan masu surutu, ya wuce wani ajin. A makarantar kwana, daga an tashi karatun dare har asuba ɗaki a hannun firifet yake. A tsangaya gardi ne ke riƙe da ƙolo da titibiri in malam ya fita. A Islamiyya ɗalibin babban aji ake sa wa ya biya wa ƙanana. Wato mun ɗauki iko irin na manya, ikon duka da hukunci da rabon abinci, mun danƙa wa ɗan shekara goma sha shida, ba horo, ba mai duba shi. Da yawansu suna riƙe amanar, a yaba musu. Wanda ya karkace kuwa, ba abin da zai tare shi.

Daga nan sai abin ya zama gado. Ɗan aji ɗaya da aka sa tsallen kwaɗo da gwale-gwale yana haɗiye kukansa ne yana lissafin shekarun da suka rage ya zama siniya. Wasu daga cikin waɗanda suka sha wannan wahala su ne malamai a yau, don haka ba sa ganin ta a matsayin laifi. Al'adar uban ɗaki da uwar ɗaki ma, inda babban ɗalibi ke ɗaukar ƙarami ya tsaya masa, tana da amfani, amma ta nan wasu ke shigo da lalata. Ya ba yaro abinci, ya hana a doke shi, daga baya ya nemi abin da bai kamata ba, yaron ya rasa bakin cewa a'a.

Sai shiru. Mun raini 'ya'yanmu a kan kunya da kawaici da haƙuri, halaye masu daraja da ba na fatan mu rabu da su. Sai dai azzalumi ya san su, da su yake fakewa. An ce wa yaro namiji ba ya kuka. Yarinya ta san in magana ta fita sunanta ne zai ɓaci, har a tuna da ita ranar da aka zo neman aurenta. Wanda ya kai ƙara kuma a kira shi munafuki, a jira dare ya yi.

Wa za a horar?

In an shirya bita, yawanci shugaban makaranta ake gayyata da malami ɗaya ko biyu. To ku duba inda cin zali ke faruwa: bayan ajujuwa, banɗaki, layin famfo, layin abinci, ɗakin kwana bayan an kashe fitila, cikin motar makaranta. Firinsifal ba ya wuraren nan. Waɗanda ke wurin su ne matiron, Baba mai gadi, masu dafa abinci, mai shara, direba, ma'aikaciyar ɗakin shan magani. Mai dafa abinci ce ta san yaron da kullum wani ke karɓe masa kwano. Mai gadi ne ya san wanda ke maƙalewa a gefensa bayan an tashi, ba ya fita sai kowa ya watse. Su ne kuma yaro ya fi sakin jiki da su, domin ba su riƙe da bulala ko jan biro. A ganina duk horon da ya tsallake waɗannan mutane, ko aka yi shi da Turancin da ba sa ji, bai kama hanya ba.

A Ingila an wajabta wa kowace makaranta ta naɗa babban ma'aikaci guda da alhakin kare yara ke wuyansa, ana sabunta horonsa duk shekara biyu, sauran ma'aikata kuma kowa sai an horar da shi tun daga kama aiki. A 2021, bayan dubban ɗalibai sun rubuta a intanet irin cin zarafin lalata da aka yi musu, hukumar duba makarantunsu, Ofsted, ta zagaya makarantu 32, ta zanta da yara sama da 900. Ta tarar yara sun saba da abin har ba sa ganin amfanin kai ƙara, malamai kuma sun raina girmansa. Shawarar da ta bayar ita ce kowace makaranta ta ɗauka abin yana faruwa a cikinta ko da ba wanda ya kawo ƙara. Kuɗinsu ba irin namu ba ne, amma wannan shawarar ba ta cin ko kwabo.

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna take, ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Jihar na da dokar kare yara da walwalarsu tun 2018, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da manufar tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu a 2021. Jihar da ta iya yi wa malaman firamare sama da dubu talatin jarrabawa a 2017 ba za ta kasa isa ga kowane ma'aikaci da horon yini ɗaya ba, in ta sa kanta.

Me horon zai koyar?

Abu na farko ido ne. Yara kaɗan ne ke zuwa su ce an yi mini kaza, a jikinsu da halinsu ake gani. Yaron da ke son makaranta ya koma ciwon ciki kowace safiya. Mai ƙoƙari ya fara faɗuwa jarrabawa. Riga a yage, littafi ya ɓace, ko ya fara ɗaukar kuɗi a gida. Yarinya ta ƙi shan ruwa da rana don kada ta shiga banɗaki. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo yi. Ranar komawa makaranta yaro ya riƙe zanen uwarsa yana kuka irin wanda bai taɓa yi ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama hujja shi kaɗai, yunwa ko rigimar gida na iya kawo su. Abin da ake so shi ne ma'aikaci ya lura da canji, ya samu wuri ya tambaya a hankali.

Na biyu, kuma a nan aka fi yin ɓarna, shi ne abin da babba zai yi a daidai lokacin da yaro ya buɗe baki. Yaron da ya zo ya ce, "Malam, ina so in faɗa maka wata magana, amma don Allah kada ka gaya wa kowa," wataƙila ya daɗe yana saƙawa yana warwarewa kafin ya zo. Fuskar malam yake kallo. In ya ga an zare ido ana salati, ko ya ji "me ya kai ka ɗakinsu?" ko "me ya hana ka faɗa tun tuni?", to ya gama magana, mai yiwuwa har abada. Horo yana koya wa malam ya natsu, ya ja shi inda wasu ba za su ji ba amma ba ɗaki a rufe ba, ya ce, "Zauna, yarona, ina jin ka. Ka kyauta da ka faɗa mini, kuma ba laifinka ba ne." Kada ya yi alƙawarin ɓoyewa, domin ba zai iya cikawa ba. Gara ya ce, "Ba zan yaɗa ba, amma dole in sanar da mutum ɗaya da zai taimaka mana, kuma zan gaya maka ko wane ne." Ya tambaya, "Sai me ya faru?", kada ya sa wa yaro magana a baki da irin "Ai siniyan nan ne, ko?" Ba a sa shi rantsuwa. Ba a tuɓe shi a duba jikinsa, wannan aikin asibiti ne. Ba a kuma sa shi ya maimaita labarin ga malamai biyar, kowa da tasa tambayar.

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi da kyakkyawar niyya: a kira wanda ake ƙara nan take, a tsayar da su gaba da gaba, a ƙare da "ku ba juna hannu, ku yafe wa juna." Sulhu alheri ne tsakanin sa'annin da suka yi faɗa. Tsakanin mai cin zali da wanda yake cuta kuwa, sulhun gaggawa ya tona asirin mai ƙara ke nan, sannan a mayar da shi ɗaki ɗaya da wanda ya kai ƙararsa. Daban-daban ake jin su. Kafin dare a san inda yaron zai kwana da wanda zai sa masa ido. In za a canza wa wani aji ko ɗaki, bai kamata wanda aka cuta ne zai kwashe kayansa ba.

Na uku rubutu. Ma'aikaci ya rubuta abin da ya ji a ranar, da kalmomin yaron, da kwanan wata, ya miƙa wa mutum ɗaya da makaranta ta naɗa. Mai gadin da bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya faɗa a rubuta masa. Matiron ta ga abu ɗaya, malamin lissafi ya ga wani, direba ya ga wani, ba wanda nasa ya isa ƙara, amma in suka taru a littafi ɗaya sai gaskiya ta bayyana. Rubutun nan yana kare har yaron da aka yi wa ƙazafi, domin ƙarya ba ta jure bin diddigi.

In lalata ce, lokaci ba ya jira. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da HIV bayan fyaɗe sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Jihar Kaduna tana da cibiyoyin Salama domin irin wannan, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da na Patrick Yakowa a Kafanchan. Makarantar da ta kwashe kwana huɗu tana zaman kwamiti ta riga ta sa yaron ya rasa wannan damar. In hoton tsiraici ne a waya, malami ba ya buɗewa ya kalla, ba ya tura wa kansa ko firinsifal da sunan ajiye shaida, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta mallaka da yaɗa irin wannan hoto na yaro. A karɓi wayar, a kashe, a ajiye wa hukuma. Mu ma da ke tura bidiyon yaran da ake duka daga guruf zuwa guruf muna Allah wadai, mu tuna yarinyar da ke ciki za ta girma ta tarar da shi yana nan.

Sai 'yan kallo. Shirin KiVa na ƙasar Finland, wanda Jami'ar Turku ta tsara, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009, an gina shi ne a kan cewa mai cin zali suna yake nema a wurin masu dariya da masu shiru. In aji ya daina tafa masa, kasuwarsa ta mutu. Don haka malamin da aka horar da ajin gaba ɗaya yake aiki, har yara su bambance gulma da ceton ɗan'uwa.

Shi kuma yaron da ya yi fa?

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa a zane shi a gaban makaranta a kore shi. Wasu na cewa yaro ne, a rufa masa asiri kada a lalata masa rayuwa. Duka biyun ba su kai ga gaci ba. Bulala a gaban taro tana ƙara masa darasin da ya riga ya haddace, cewa mai ƙarfi shi ke duka, kuma sau da yawa a kan ƙaramin yake hucewa. Kora ba bayani ta tura matsalar wata makaranta ce inda ba wanda ya san halinsa. Rufa-rufa kuwa ta nuna masa ya ci bulus.

Yara biyu ne a gaban ma'aikaci, dukansu amana. Wanda aka cuta shi ne kan gaba. Amma wanda ya yi cutar, musamman ta lalata, tilas a bincika ko shi ma ana yi masa, a gida ko a unguwa ko a hannun wani babba a makarantar. Hadisin da ya ce a taimaki ɗan'uwa ko azzalumi ne ko wanda aka zalunta ya fayyace cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Hanawar ta ƙunshi hukuncin da ya dace da laifin, da ƙwace muƙamin da ya fake da shi, da zama da iyayensa, da sa masa ido na tsawon lokaci.

Fyaɗe da raunata mutum kuwa laifi ne a doka, ba hurumin kwamitin ladabtarwa ba ne ya kashe maganar. Ba mamaki tsananin gyaran dokar da jihar ta yi a 2020, wanda ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, ya sa wasu su gwammace su ɓoye. Horo ya kamata ya warware musu cewa yaron da ya yi laifi da dokar yara ake yi masa shari'a, wadda ta karkata ga gyaran hali.

Masu ja da baya

Malamai na cewa aiki ya riga ya yi musu yawa, albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata, kuma in ɗan wani babban mutum ne ya yi laifin, wa zai tsaya musu? Kukansu na gaskiya ne. Ba a ce malami ya zama ɗan sanda ba, nasa shi ne ya gani, ya saurara, ya rubuta, ya miƙa. Amma malamar makarantar kuɗi da mai makaranta zai iya sallama da baki ba za ta kai rahoton da zai ɓata masa rai ba, sai in akwai wata ƙofa a wajen makarantar da za ta buga, kuma doka ta kare aikinta.

Iyaye da yawa kan ce, "Mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane." Masu faɗin haka su ne waɗanda suka tsallake. Wanda ya gudu daga makaranta a aji biyu bai sake komawa ba, da yarinyar da aka cire aka aurar, ba sa zuwa taron tsoffin ɗalibai, balle a ji nasu labarin.

Wasu kuma na tsoron ƙofa ce ta shigo da koyar da batsa. Horon nan na manya ne, kuma tushensa yana cikin abin da muka riga muka sani. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙubba. Hadisi ya yi umarni a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. In haka aka ce a kan 'yan ciki ɗaya, ina ga yara biyu a katifa guda a ɗakin kwana, ko almajirai jibge a zaure ba babba a kusa? Makarantun coci ma ba za su rasa irin wannan hujja a nasu koyarwar ba.

Ko horon yana aiki? Bayan yara uku sun kashe kansu a arewacin Norway a 1982, ƙasar ta ƙaddamar da gangami a 1983, kuma a makarantun Bergen da aka gwada shirin Olweus cin zali ya ragu da kusan rabi. Nazarin da ya tattara gwaje-gwajen ƙasashe da yawa daga baya ya samu raguwar kimanin kashi 20 cikin 100. Ba warakar dare ɗaya ba ce, amma a makarantar da ke da dubban yara, ɗaya cikin biyar ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da zai canza ga iyaye

In aka yi horon da gaske, abin da za a fara gani shi ne ƙararraki sun ƙaru. Kada wannan ya firgita kowa, alama ce yara sun fara yarda da manya. Makarantar da ke alfaharin ba a taɓa kawo ƙara ko ɗaya ba ita ya kamata a fi tuhuma. Ɗan talaka ne zai fi amfana, domin mai hali in an taɓa ɗansa gobe ya canza masa makaranta, talaka kuwa ko yaron ya jure ko ya zauna a gida.

Hatsarin shi ne abin ya tsaya a takardar shaida a bangon ofis. Ma'aikata suna canzawa, don haka horo sai an maimaita kowace shekara, kuma sai ya kai ga tsangayu da Islamiyyu, inda dubban yara ke wuni ba mai leƙawa. Gidan da 'yan sanda suka kai wa samame a Rigasa a watan Satumban 2019, suka fito da mutum sama da 300, har da yara, wasu a mari, ya nuna abin da ke iya daɗewa a wurin da ba ido daga waje.

A taron PTA ko na kwamitin al'umma mai kula da makaranta, SBMC, na gaba, uba ko uwa na da damar tambaya: wane ne, da sunansa, yarona zai je wurinsa in an cuce shi? Wane babba ne ke kwana kusa da ɗakin yara? An yarda ɗalibi ya doki ɗalibi a nan? Yaushe aka yi wa matiron da mai gadi bita ta ƙarshe, kuma da wane harshe? Hukumar da ke duba ingancin makarantu a jihar ita ma ta sa waɗannan tambayoyi a takardar da jami'anta ke shiga makarantu da ita, ta nemi ganin littafin ƙararraki, ta kuma zanta da 'yan aji ɗaya su kaɗai, ba firifet ko malami a tsaye a kansu.